Waken da Baba Sidi ya tumɓuke

Har gobe ban manta da ranar da Baba Sidi ya tumɓuke wakensa saboda ni ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Illela, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba.

A daminar shekarar aka aiko mana wani baƙin gari da ake cuɗa irin wake da shi. Ƙwayoyin halitta ne a ciki, masu shiga saiwa su yi 'yan ƙuraje, su riƙa jawo wa shuka taki daga iska. Baba Sidi na Kalmalo ya ba mu gonarsa muka raba biyu, rabi da gari, rabi babu.

Wake ya yi fure, shugaban shiyyarmu ya zo dubawa. Kai! Ba ka bambanta rabin nan da wancan. Ya dube ni ya ce, "Ka bar garin a rana ya mutu. Zan rubuta sakaci." Wallahi irin wannan rahoton sallama ce daga aiki.

Tare da shi akwai wata Dakta mai binciken ƙasa. Ta ce a dakata, ƙurajen za su faɗi gaskiya, amma sai an ciro shuka masu yawa daga kowane ɓangare. Wa zai ce wa manomi ya cire wake yana fure?

Baba Sidi ya ce, "Mi kuka jira? Yaron ga gabana ya cuɗa irin, cikin inuwa." Ya duƙa ya kama tumɓuka da hannunsa.

Na ce, "Baba, abincin gidanka ne fa!"

Ya ce, "Kai ma gida gare ka."

Bayan kaka sakamakon binciken Dakta ya dawo. An samu ƙwayoyinmu da rai a 'yan ƙuraje kaɗan, wato garin bai mutu ba. Sauran ƙurajen duk ƙwayoyin asalin ƙasar Kalmalo ne suka riga namu shiga, domin a gadonsu akwai abin da ke sa su saurin kama saiwa. Shi ya sa rabin nan bai bambanta da wancan ba. Shugaba ya janye maganarsa, aka tabbatar da ni.

Ku yara masu shigowa aikin nan, kada ku yanke wa ma'aikaci hukunci daga kallon ganye, ku tona saiwa. Kuma ku riƙe manomi da daraja. Baba Sidi ya rasu, Allah ya jiƙansa. Duk albashin da na ciyar da 'ya'yana da shi, daga waken nan da bai ci ba ya fito.