Ƙasimu Mai Inji da Golansa

Duk Gwaram babu wanda ya kai Ƙasimu Mai Inji son ƙwallo, kuma duk Gwaram babu wanda ya kai shi rashin kallonta. Na sha faɗa masa haka, ya yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Ni tela ne, shagona yana kallon rumfar injin niƙan da yake aiki. Shekara da shekaru ina taka keken ɗinki ina hangensa fari fat da gari, tun daga gira har yatsun ƙafa. Ni nake ɗinka wa 'yan ƙwallon garinmu riguna, don haka duk labarin fili sai ya biyo ta shagona kafin ya isa gare shi.

Injin ba nasa ba ne, na Alhaji Salihu ne, ƙanen mahaifinsa. Uban Ƙasimu ya rasu yana ƙarami, Alhaji ya ɗauke shi ya riƙe, ya yi masa aure, ya ba shi ɗaki a gidansa. Da aka kawo injin, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, sai ya ɗora shi a kai. Ban ce Alhaji mugu ba ne, Allah ya jiƙansa. Amma mutum ne da idan ya yi maka alheri ba zai taɓa barinka ka manta ba, Ƙasimu kuwa ko sau ɗaya bai iya ɗaga ido ya ce masa a'a ba. "Baba ya ce" ita ce ƙarshen kowace magana a wurinsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Ana buga ƙwallo ne ranar kasuwa da yamma, saboda ranar ce mutanen ƙauyuka ke shigowa. Ranar ce kuma kwanukan gero da dawa ke yin layi daga bakin rumfa har gindin durumi. Injin tsoho ne mai taurin kai, ba ya tashi a hannun kowa sai Ƙasimu. To sai a yi la'asar, gari ya watse zuwa fili, shi yana tsaye yana zuba dawa. Wani lokaci ya rage wa injin wuta, ya karkata kai ko zai jiyo ihun 'yan kallo. A farkon shekaru yana jiyowa. Daga baya ƙarar injin ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji.

Ana tashi daga wasa zai tsallako shagona. Ba ya tambayar wa ya ci mana. Tambayarsa ɗaya ce kullum.

"Tela, golan fa? Ya tsaya?"

"Ya tsaya mana," in ce, "yana tsaye ƙwallon ta wuce shi."

Sai ya dafe kai. A ganinsa ƙungiya gola ce, saura rakiya suke yi. Muna da 'yan gaba masu gudu, amma ragarmu kamar ƙofar kasuwa take, kowa ya zo ya shiga. 'Yan Basirka har waƙa suka yi mana a kan haka. Ƙasimu ya ce ranar da Allah ya ba mu gola mai dogon hannu, ranar za mu tafi Birnin Kudu mu ɗauko kofi. Muka riƙa yi masa dariya, muna cewa wanda bai taɓa ganin an buga fenariti ba shi ke koya wa mutane tsaron gida.

Shi kuwa ya samo golan, kuma a rumfarsa ya same shi. Wani saurayin Fulani ne, Maikano, ɗan wani makiyayi Buba da ke da ruga a bayan gari. Ya kawo niƙan innarsa. Bel ɗin injin ya tsinke ya doki wata ƙwarya cike da gari da ke kan benci, ta yi sama. Maikano ya miƙa hannu ɗaya ya cafe ta, ko rabin garin bai zube ba. Ina kallo daga shago. Ƙasimu ya bar bel ɗin a ƙasa, ya kama hannun yaron yana juyawa kamar mai tayin sa a kasuwar shanu.

"Samari, ka taɓa buga ƙwallo?"

"Ni dai shanu na sani," in ji Maikano.

"To wanda ya tare bijimi ai zai tare fata."

Ya yi ta naci har Buba ya yarda yaron ya riƙa zuwa fili ranar kasuwa, maƙwabtansu na ruga su kula da garken. Cikin ɗan lokaci labari ya canza. Maikano ba ya tsoron ƙafa, ba ya tsoron faɗuwa, hannunsa kuwa in ya kama abu ya kamu. Ƙasimu ya koma kiransa "golana". Kuma har lokacin bai taɓa ganinsa a raga ba.

A shekarun nan ne kuɗin mai suka fara motsa ƙasa. Samari suna ta hawa mota zuwa Kano, wasu aikin gini, wasu masaƙa. Wani ɗan garinmu ya zo takanas daga can ya ce ana neman wanda ya san inji, ga hutu ranar Lahadi, ga babban filin ƙwallo a birni. Na ce masa, "Ƙasimu, ka tafi. Ka tafi ko don ka huta da wannan ƙara." Matarsa Barira ma ta so. Ya je ya durƙusa gaban Alhaji, ya dawo ya ce Baba ya ce wa zai tayar da injin. Ranar ban ci abincin rana ba don haushi.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya a gwiwa, ciyawa ta bushe tun kafin kaka. A wannan shekarar ce aka sa gasar kofi tsakanin garuruwan yankinmu, wasan ƙarshe a Birnin Kudu. Mutane na cikin baƙin ciki, ƙwallon ce kaɗai abin da ke sa a yi murmushi. Muka fitar da 'yan Maruta. Muka haɗu da Basirka masu yi mana waƙa, suka yi ta bugu har suka gaji, ko ɗaya ba ta shiga ba. Ƙasimu ya daina barci sosai. In ya ga Maikano ya wuce, sai ya fito ya duba masa yatsu, ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi. Ya sa Barira ta riƙa aika wa rugar da ƙuli-ƙuli. Kullum lissafinsa ɗaya: in dai hannun nan lafiya, ƙwallo ɗaya ta ishe mu.

Da aka tabbatar mun kai wasan ƙarshe, aka ce ba ranar kasuwa ya faɗo ba. Ƙasimu ya yi kwanaki yana jujjuya maganar kafin ya iya kai ta gaban Alhaji. Na raka shi, don na san in shi kaɗai ne zai dawo da "Baba ya ce".

"Baba, ina roƙon yini ɗaya."

"Na mene ne? Wani ya rasu?"

"Ƙwallo ce, Baba. A Birnin Kudu."

Alhaji ya dube shi, ya dube ni. "Mutum da iyalinsa, da furfura ta fara fito masa, zai bi yara kallon tamaula. To, je ka. Amma washegari da asuba in ji injin nan yana kuka."

Muka fito Ƙasimu yana ta murna. Na ɗinka masa sabuwar riga shuɗiya, launin rigunan ƙungiya. Ya ce in yi mata babban aljihu, zai zuba gyaɗa ya ci a bakin fili kamar yadda ya ji ana yi.

Ranar wasa da safe babbar motar da aka yi shata ta tsaya a tasha. 'Yan wasa sun hau, masu ganga sun hau. Ƙasimu ya yi wanka har sau biyu, ranar na fara sanin ainihin launin fatarsa. Ya samu wuri a gaba kusa da direba. Aka duba, babu Maikano.

Ni da Ƙasimu muka ari keke muka nufi ruga. Tun daga nesa na ga abin da ya faru. Bukkokin maƙwabtan Buba duk an kwashe, sai da'irar toka a ƙasa. Sun tashi da shanunsu sun yi kudu neman ciyawa. Buba kaɗai ya rage, yana zaune a tabarma, ƙafarsa ta kumbura suntum da kurkunu, ko tsayuwa ba ya iyawa. Maikano yana tsaye da sanda a kafaɗa, idonsa ja wur.

"Baffa, mota na jira," in ji Ƙasimu.

"Ta yi ta jira," in ji Buba. "Waɗanda ke riƙe mana shanu sun tafi. Ni ga ƙafata. Ciyawar da ta rage tana fadama, gefen gonar waken mutane, kuma ba a cire waken ba. In shanun nan suka faɗa gonar wani a shekara irin wannan, ƙwallo ce za ta tsaya mini gaban alƙali?"

Gaskiya ya faɗa. Na fara kawo sunayen mutanen da za a iya nema a gari, amma duk mai ƙafa yana cikin motar, rana kuma tana yi. Ina cikin magana na ga Ƙasimu yana cire rigar.

"Me kake yi?" na ce.

Ya ninke ta, ya miƙa mini. Ya ce wa Maikano, "Ba ni taggonka da malafarka, ko shanun sa ji warinka su bi ni. Ba ni sandar."

Buba ya yi dariya. "Kaɗo, ka taɓa kiwo?"

"Ban taɓa ba. Amma na iya tsayuwa wuri ɗaya tun safe har dare."

Na ja shi gefe, na yi masa ihu a kunne. Na ce yini ɗaya tak aka ba shi a rayuwarsa. Na ce akwai wani golan, a sa shi. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Tela, in tafi in kalli me? In kalli ana zuba mana?"

Na goya Maikano a keke muka koma. Na waiwaya sau ɗaya, na ga Ƙasimu cikin taggon da bai kai masa gwiwa ba, yana bin shanu a baya, su ke jansa ba shi ke kora su ba. Wallahi har muka isa tasha ban daina zaginsa a zuciyata ba, hawaye kuma na zubo mini.

An buga wasan bayan azahar saboda masu nisa. Muka ci ɗaya kafin hutu, daga nan muka koma tsaron gida aka yi ta ruwan ƙwallo a kan Maikano. Dab da tashi alƙalin wasa ya ba su fenariti. Mai bugun ya yi kamar zai kai dama, ya saki hagu, ƙasa-ƙasa. Maikano ya miƙe tsawonsa ya ture ta da yatsu. Aka hura usur. Ina tsalle ina ihu da rigar Ƙasimu a hammata.

Rana ta kusa faɗuwa muka iso. Na sa direba ya sauke ni da Maikano a kan hanyar fadama. Shanun ba su koma ruga ba, sun ƙi bin umarnin Ƙasimu. Yana tsaye a kan iyakar gonar wake, inda ya yini, leɓensa ya bushe, ƙaya ta yayyage masa ƙafafu. Ko ganye ɗaya ba a taɓa ba. Motar ta wuce ana ta kiɗa ana ɗaga masa kofi, amma daga nesa bai ji komai ba, bai kuma gane abin da suke ɗagawa ba. Sai da muka zo gabansa.

"Golan fa?" ya ce. "Ya tsaya?"

"Mun ci kofi!" na yi masa ihu. "Har fenariti ya tare!"

Bai yi tsalle ba. Ya juya ga Maikano. "Ta wane gefe ka faɗa?"

"Hagu."

"Nuna mini."

Yaron ya dubi ƙasa, duk kashin shanu da kututturen kara. Ya ja baya, ya ɗan durƙusa, ya buɗe hannuwa, ya yi tsalle ya miƙe a iska ya faɗi. Shanu suka ɗago kai. Ƙasimu ya jingina da sanda yana kallo, bakinsa a buɗe.

"Sake," in ji shi.

Maikano ya sake. Wannan shi ne duk abin da Ƙasimu ya taɓa gani na golansa.

Ƙafar Buba na yin sauƙi su Maikano suka ɗora shi a kan jaki suka bi 'yan uwansu kudu. Ba su dawo ba. Ragarmu ta koma yadda take, 'yan Basirka suka dawo da waƙarsu. Alhaji ya rasu, injin ya koma hannun 'ya'yansa, Ƙasimu ya ci gaba da zuba dawa har kunnen ya tafi gaba ɗaya. Idan aka tayar da labarin fenaritin nan, duk cikinmu da muka je babu mai ba da shi kamarsa. Yakan ajiye kwano, ya ɗan durƙusa, ya buɗe hannuwa, ya karkata hagu. Baƙi su ce lallai Malam a bayan raga ka tsaya ranar. Ba ya jin su, sai ya gyaɗa kai.

Rigar kuwa na kai masa washegarin wasan da asuba. Na tarar ya riga ya tayar da injin, ya yi fari fat. Ya nuna mini hannuwansa, ya ce in ajiye masa kada ta ɓaci, sai wani wasan. Tana cikin akwatina har yau, ba a taɓa zuba gyaɗa a aljihun ba.