Ranar da Labbo Bai Ga Wata Ba

Tungar Marke ƙauye ne mai gidaje kamar arba'in a gindin wani dutse, tafiyar sa'a guda a ƙafa daga Kwatarkwashi. Duk wanda ya kwana biyu a can zai ji sunan Labbo, kuma da wuya a ambace shi ba a haɗa da zancen wata ba. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a tsakani. Da rani yakan shiga mota zuwa Gusau ko Tsafe ranar kasuwa, ya zauna a layin 'yan hatsi yana ɗinke bakin buhu da basilla. Amma abin da ya fitar da sunansa daban ne. Shekara talatin da huɗu, duk ranar ashirin da tara ga wata, shi ke hawa dutsen bayan la'asar ya duba wa gari ko jinjirin wata ya tsaya.

A wurin ƙanen mahaifinsa ya koya. Tsohon ya fara da tayar da shi da asuba a kwanakin ƙarshen wata, su tsaya a bayan gida suna kallon tsohon wata yana ramewa a gabas har ranar da zai ɓace. Daga nan ya nuna masa inda rana ke faɗuwa a kowane lokaci na shekara: da sanyi tana nutsewa hagu da wani gawo da ake hangowa daga kan dutsen, da damina ta koma damansa. Ya koya masa miƙe hannu ya jera yatsu a kan gefen sama, ya ƙirga yatsu nawa ne tsakanin ƙasa da wurin da ya kamata ya zuba ido. Abu ɗaya tsohon ya riƙa maimaitawa har ya bar duniya, cewa lissafi yana gaya wa mutum inda zai duba ne kawai. Liman ba lissafi yake tambaya ba, abin da ido ya gani yake tambaya.

Haka kuwa ake yi a Tungar Marke. Idan Labbo ya sauko ya ce ya gani, liman zai zaunar da shi a ƙofar masallaci gaban jama'a ya yi masa tambaya uku: yatsu nawa ne tsayinsa daga ƙasa, dama yake ko hagu da inda rana ta faɗi, kuma ina bakinsa ya kalla. Bayan ya amsa sai ya rantse, maigari ya tura mutum a kan keke ya kai labari gaba. Wata shekara mutum uku suka zo suna rantsuwa sun ga watan Sallah, Labbo ya ce shi bai gani ba. Da liman ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa da inda ya ce bakin watan ya kalla. Ashe siririn gajimare ne rana ta haska, ga kuma gajiyar azumi. Tun daga ranar maganar Labbo ta yi nauyi, har daga ƙauyukan kusa ake aiko tambayarsa.

Matarsa Kulu ta rasu da daminar 1996. 'Yarsu ɗaya da ta rayu, Bara'atu, tana aure a Tsafe, sai Sallah take zuwa. Gidan ya koma ɗaki biyu, rumbu ɗaya, da akuya mai yawan kuka. Kulu ce takan dama fura ta ajiye masa ranar hawan dutse, ita ce kuma ta farko da yake gaya wa abin da ya gani tun kafin ya isa masallaci, domin ƙofar gidansu a kan hanya take. Bayan rasuwarta sai ya lura da wani abu: kwana ashirin da takwas ba mai yin sallama a zaurensa, sai a na ashirin da tara. Ranar nan wani zai leƙo da goro, wani ya tsaya zolaya, mata su aiko da tuwo. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma yana jiran ranar kamar yadda ake jiran baƙo.

Idon hagu ne ya fara. Da farko kamar hayaƙin murhu ne ya tsaya masa a gefe ɗaya. Sai ya zamana zaren buhu ba ya shiga hujin basilla sai da lalube. Ya riƙa juya baya ga 'yan kasuwa idan zai zura zare. Na dama ya riƙe shi shekara guda, da shi ya ga watan azumin bara, da ƙyar. Da kakar 1998 shi ma ya fara dishi-dishi. Labbo bai gaya wa Bara'atu ba, bai gaya wa liman ba. Mutum ɗaya ya gane, Sule, ƙanen Kulu, direban akori-kura mai jigilar hatsi tsakanin Bungudu da Gusau, shi ma don ya ga Labbo ya miƙa wa kututturen dabino hannu a tasha yana sallama. Sule ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya ya yi alkawarin ba zai faɗa ba.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban ta zo cikin sanyi. Tun da hantsi zaure ya cika. Liman, Malam Mamman, ya aiko da goro biyar. Bayan la'asar Labbo ya ɗauki sandarsa da buta ya kama hanyar dutse shi kaɗai, kamar yadda ya saba. Ƙafarsa ta san kowane tsani, ba ta buƙatar ido. Ya zauna a kan falalen da zamansa na shekaru ya goge har ya yi santsi.

Sama tas take a ranar, babu gajimare ko ɗaya da zai ɗora wa laifi. Kuma lissafinsa ya cika ta kowane gefe. Kwana biyu ke nan Sule, wanda ke fita da mota tun asuba, yana gaya masa babu tsohon wata a gabas. Rana ta nutse hagu da gawo, daidai inda ya zata. Ya miƙe hannu, ya jera yatsu, ya zuba ido a wurin. A zuciyarsa babu ko ƙwayar shakka cewa watan yana nan. Zai iya nuna wurin da tsinke.

Abin da idonsa ya ba shi ja ne da ya gauraye da fari, kamar an zuba nono a jar ƙasa. Ya rufe na hagu da tafin hannu. Ya wanke fuska da ruwan buta, ya sake dubawa. Sau ɗaya wani siririn haske ya gilma, amma da ya juya kai sai hasken ya biyo shi. A cikin idon yake, ba a sama ba.

Ya daɗe a zaune. Ya san tambayoyin liman guda uku, ya kuma san amsar kowacce, domin watan wannan lokaci ya gan shi sau talatin da wani abu. Idan ya sauka ya ce ya gani, babu mai iya kama shi, kuma da wuya ya yi kuskure. Zaure zai ci gaba da cika. Idan kuwa ya ce bai gani ba, alhali an gani a wani gari, kowa zai fahimci abin da ya faru, kuma ba za a sake aiko masa da goro ba. Ya tuna Kulu a bakin ƙofa da ƙwaryar fura. Ita ba ta taɓa tambayarsa ko watan yana nan ba. Takan ce ne kawai, ka gani?

Ya yi sallar magariba a kan dutsen, ya sauko a hankali.

Mutane sun cika ƙofar masallaci, mai keken maigari ya riga ya naɗe ƙafar wando. Malam Mamman ya matsa masa a kan tabarma.

"Malam Labbo, mi ka gani?"

"Ban gani ba, Malam."

Liman ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sake dubansa. Ya tambaye shi ko a ganinsa watan bai tsaya ba ne.

"A tsammanina ya tsaya," in ji Labbo. "In ka ce in faɗi abin da zuciyata ta ba ni, yana nan, yatsu huɗu. Amma in rantsuwa za a yi, ban gani ba."

Wani daga baya ya ce to ai duk ɗaya ne, tunda Labbo bai taɓa kuskure ba, a ɗauki tsammanin nasa kawai. Malam Mamman ya girgiza kai, ya ce da tsammani ba a tura keke. Mai keke ya warware ƙafar wandonsa.

Ba a tashi daga sallar isha'i ba sai ga mai shayi da rediyonsa a hannu: an ga wata a garuruwa da dama, gobe azumi. Aka tayar da asham. Labbo ya bi sahu a can gefe. Da aka idar kowa ya wuce shi ya kama hanyar gida.

Kwana uku bayan haka Sule ya tsaya da mota a bakin hanya ya shigo zaure da faɗa. Ya ce shi bai taɓa ganin mutum ya kashe kasuwarsa da bakinsa kamar mijin yayarsa ba. Ga wata a sama, ga rediyo ya tabbatar, ko yatsun da ya faɗa ma an ce kusan haka ne.

"Da ka ce ka gani, ai gaskiya ka faɗa. Watan wanga yana nan ko ba ya nan?"

"Yana nan."

"To ina ƙaryar take?"

Labbo ya murza zaren buhu a yatsa. Sannan ya tambaye shi, idan ya rufe ido a kwanar Bungudu ya taka mota, Allah ya sa babu kowa a hanya, zai ce ya san babu kowa ne?

"Wane mahaukaci zai rufe ido a kwanar Bungudu?"

"To ni shi kake so in zama. Da na dace, Sule, amma da ban sani ba. Kuma mutum arba'in da iyalansu za su ɗauki azumi a kan dacena suna zaton gani ne."

Sule ya ce wannan zance ne na wanda ba shi da mai yi masa tuwo, ya kuma ce gobe ya shirya, zai kai shi Gusau a duba idon kafin ya fara gaida jakuna.

A Gusau wani ma'aikacin ido ya haska masa fitila, ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, kuma ana cirewa. Labbo ya tambaye shi ko bayan aikin zai iya ganin jinjirin wata na daren farko. Mutumin ya ajiye fitilar ya ce hanya da fuskokin mutane yana sa ran zai gani, amma jinjirin wata bai sani ba, ba zai kuma ce ya sani ba. Sule ya ji haushin amsar. Labbo kuwa a hanyar dawowa ya ce tun da aka fara zancen idon nan bai ji maganar da ta kwanta masa kamar ta ba. Aka sa masa rana bayan Sallah.

A cikin azumin ya je wurin Malam Mamman ya faɗa masa komai, ya ce a nemo mai ido ya koya masa gawo da yatsu tun yana iya hawa dutsen. Liman ya yi cigiya sau biyu bayan sallar Juma'a. Ba wanda ya zo. Mutane suka ce ga rediyo, batir biyu ya ishe shi wata guda.

Ranar ashirin da tara ga azumi Labbo ya share zaure tun da safe, ya shimfiɗa tabarma ta biyu. Har azahar ba a yi sallama ba. Maƙwabciyarsa ta aiko da kunun buɗa-baki, kamar yadda take yi kullum tun farkon azumi, ba don ranar ba. Bayan la'asar ya naɗe tabarmar, ya zuba kunun a gora, ya ɗauki sanda.

A kan falalen ya jira har ya ji ɗumin rana ya bar goshinsa. Ya miƙe hannu ya jera yatsu a inda ya san gawon yake. Daga ƙasa yana jin kiran salla, da kukan akuyarsa, da muryar rediyo a teburin mai shayi inda jama'a suka taru. Ya sha kununsa, ya yi salla, ya ƙara duba wurin sau ɗaya. Sannan ya tashi da wuri, domin yanzu sai da sauran haske yake iya sauka.

Da ya iso ƙofar gidansa ya ɗan tsaya, kamar yadda ya saba tsayawa sama da shekara talatin. Babu kowa a bakin ƙofar. Duk da haka ya faɗa, a hankali, cewa bai gani ba, sannan ya shiga ya ba akuya ruwa.