Tsiren da ya koma siriya

'Yata ce ta ja ni zuwa Tailan. Ta samu aikin zagayawa da baƙi a Balad, tsohon garin Jidda, ta ce tana so ta ga yadda wasu ke nuna nasu tsohon garin. Na ɗauki hutu daga siton da nake aiki a tashar jiragen ruwa, na bi ta ina ƙunƙuni tun daga filin jirgi.

Tsohon garin Fuket ya kashe min baki. Gidaje ne sirara manne da juna, ƙasa kanti, sama wurin kwana, wannan shuɗi, wancan ruwan ɗorawa, kowanne da baranda a gaba, sai ka ƙare layi rana ba ta taɓa ka ba. Mai zagayawa da mu wata gajeruwar mata ce mai surutu kamar rediyo, 'yata na fassara min. Ta tsayar da mu a ƙofar ɗakin bautar Sinawa, ja wur, da siffofin macizai a rufi, hayaƙin turare ya turnuƙe. Ban shiga ba, ban kuma yi wa kowa wa'azi ba. Daga nan muka ga na masu bin Buda mai rufin ruwan zinariya, muka ga masallaci, muka ci wata gurasa mai laushi da miyar kaza a rumfar wata Musulma.

Matar nan ba ta nuna kwano ba tare da ta faɗi masu shi ba. Taliyar nan Sinawa masu haƙar kuza suka zo da ita. Miyar can ta Musulmin Malayu ce. Ta dafa ƙirji ta ce kakanta lebura ne, da kwando a ka ya shigo garin. 'Yata ta yi ta gyaɗa kai har da ƙwalla. Na ce a raina, alhamdu lillahi, tafiya ta yi amfani.

Don mu ma muna da namu. Ubana ya zo hajji a ƙafa ta Sudan, ya zauna a unguwar Ammariyya a nan Jidda yana gasa tsire har ƙarfinsa ya ƙare. Larabawan unguwa ba sa iya furta kalmar, suka mai da ita siriya, yau kuma duk Hijaz da sunan ake sayar da shi. Yarinyar nan ta san wannan sarai. A cinyar kakan nata ta fara lasar yaji.

Bayan mun dawo ta gayyace ni in bi zagayenta. Na sa farar riga na tsaya can baya. Wallahi ta iya aiki. Ta nuna musu tagogin katako masu zane, da duwatsun da aka haƙo daga bakin teku aka gina gidajen, da tsohon masallaci. Da aka zo abinci ta bi yadda ta koyo: shinkafar nan ta mutanen Bukhara ce, mutabbaƙ daga Yaman, wannan na Jawa, wancan na Indiya. Sai ga mu gaban mai siriya, ƙamshin ƙuliƙuli ya cika layin. Na gyara tsayuwa.

Ta ce musu wannan tsohon abincin Hijaz ne, ana cewa asalinsa daga Afirka. Shi ke nan. Yalla, mu ƙara gaba.

Afirka! Bukhara gari guda an kira sunansa, mu kuwa an tattara mu an cusa a buhu. Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya da Larabci na ce, "Sunansa tsire. Hausawa suka kawo shi. Ubana yana cikinsu."

Baƙin suka juyo, wasu na murmushi. Ita ma ta yi murmushin aiki, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Shukran, ya ammi." Na gode, kawu. Abin da ake ce wa kowane tsoho a titi in ana so ya yi shiru.

A mota na sauke mata kwandon faɗa. Ta bari sai da na gaji, sannan ta ce da Hausarta mai karye-karye, "Baba, kai ba ka yi madrasa a nan da wannan suna ba. In na ce Hausa, za su ce Takruniya. Ka san yadda kalmar take fita a bakinsu. Khalas, ni na gaji."

Na sani. An jefe ni da ita a tasha ba sau ɗaya ba, kuma ina jin haushin duk wanda ya mai da sunan da ake kiran mahajjatanmu baƙar fata abin zagi har yarinya ke ɓoye kakanta. Amma wannan bai wanke ta a wurina ba. Na ce mata tsiren ta kira shi yadda ta ga dama, ubana ba ya nan balle ya ji. Ni kuwa ina tsaye a gabanta ta kira ni kawu.

Ta juya fuska wajen taga. Har muka iso unguwarmu Bani Malik ba ta ce ba haka take nufi ba.