Zayyanar Baba a Kan Atamfa

Mahaifina mai zayyana ne. Idan aka yi saukar Alƙur'ani a Makera ko Kakuri, wurinsa ake kawo sabon allo ya ƙawata shi, mai sauka ya riƙe ranar walima. Ba shi da kamfas, ba shi da rula. Ƙusa ce da zare da alƙalamin kara. Zai kafa ƙusar ya ja da'ira, daga da'irar ya fitar da murabba'i biyu, ɗaya a karkace bisa ɗaya, sai ga tauraro mai tsini takwas. Daga nan layuka su shiga juna, wannan ya bi ta ƙarƙashin wancan ya hau na gaba, ba ka ganin inda suka fara balle inda suka ƙare. Yakan ce ɗigon tsakiya ɗaya ne tak, duk sauran daga gare shi aka auno su, mai hankali ya san abin da ake nufi. Iyakar bayaninsa ke nan, don Baba ba mai yawan magana ba ne.

Ni kaɗai ne ɗansa. Hannunsa na gada, ban gaji haƙurinsa ba. Da na gama sakandare na samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a ɗakin da ake zana adon atamfa. Lokacin jiniyar masaƙa ce agogon unguwa, ni kuwa ina tafiya da fensir a bayan kunne, ina jin babu kamata daga nan har gadar kogin Kaduna.

Ogana dattijo ne daga kudancin Kaduna, mai son raha, kuma ya gaji da furanni da tsuntsaye. Wata shekara Kirsimeti ta matso, ya ce kowa ya kawo sabon abu. Na zauna na zana tauraron Baba da ka, da duk sarƙaƙiyar da ke kewaye da shi, na sa masa ja da kore da ruwan ɗorawa kamar yadda yake a allo. Babu aya a ciki, babu ko harafi ɗaya. Na ce wa kaina layi ne kawai, layi kuwa ba shi da addini.

Oga ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kai mutumina, a ina ka ɓoye wannan dizain ɗin? Wannan zai tafi, ba wasa."

Ya kuwa tafi. Matan zumunta na wata coci a Barnawa suka yi anko da shi, matan unguwarmu suka saye shi don biki. Sai kaina ya kumbura. Na sayi turmi guda na kawo gida, na shimfiɗa wa Baba a gabansa bayan la'asar, ina jiran ya ce madalla.

Ya dubi atamfar, ya bi layi ɗaya da yatsa har ya zagayo. Sannan ya ce, "Wa zai ɗaura wannan?"

Na ce, "Mata mana, Baba. Duk gari ana rububinsa."

"Su zauna a kansa?"

Na yi dariya, na ce ai zane ne.

"Su shiga banɗaki da shi. In ya tsufa fa, me ake yi da tsohon zane?"

Mu biyun mun san tsumma ake yi da shi. Ya naɗe atamfar a hankali, ya miƙe ya ɗora ta can saman kanta inda yake ajiye littattafansa. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na samu abin mayarwa.

Daga ranar ya rufe mini ƙofar sana'arsa. Muna gaisawa, muna cin tuwo a kwano ɗaya, yana tambayata lafiyar oga. Amma da na zauna kusa da tabarmarsa yana aiki, sai ya juya allon ya fuskanci bango, ya ɗauko zancen tsadar gawayi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ciwon kuma ya koma fushi. Na ce tsoho ne mai taurin kai, shi ya halicci tauraro? Na rantse ba zan ba da haƙuri a kan abin da ban ga laifinsa ba. A can ƙasan raina kuwa abu ɗaya nake so a duniya: ya dubi aikin hannuna ya sa mini albarka.

Shekaru suka wuce a haka. Mahaifiyata ta rasu, ita da ke ɗan shiga tsakani. Masaƙa ta rufe, ciyawa ta cinye harabarta. Maƙwabta da yawa suka tattara suka koma ƙetaren gada, masu kawo allo suka ragu. Gidan ya rage mu biyu, kowa da ɗakinsa, kowa da rediyonsa. Ni na koma rubuta allon shaguna, masu aski da masu gyaran waya.

Wata rana na kai babur gyara a Kakuri. Bakaniken ya jawo wani tsumma ya goge baƙin mai daga hannunsa, ya jefar ƙasa ya taka. Tsinin tauraron uku ne suka rage a jiki, amma na gane shi. Na tsaya kamar an dasa ni. Har yau ban iya cewa Baba ne mai gaskiya a fannin ilimi ba, malamai ma sun saɓa da na tambaya. Na dai san abin da na ji a cikina da na ga takalmin nan a kansa.

Na sayi sabon allo. Na yi niyyar in yi zayyana irin tasa, da ƙusa da zare, in kai masa a madadin ban haƙurin da bakina ya kasa furtawa. Sai girman kai ya sake shigowa ta taga: na ce ba zan kai ba sai ta fi tasa kyau. Na yi na wanke, na yi na wanke. Abin da zai ci wata guda ya ci shekara biyu. A cikin shekarun nan yanar ido ta yi ta rufe idanun Baba, ina gani, ina kai shi asibiti da kaina, amma ban haɗa wannan da wancan ba.

Ranar da na gama, da hantsi, na same shi a zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, ga wani abu na yi."

Ya karɓa ya shafa, ya gane allo ne. Ya kai shi dab da fuskarsa, ya juya wajen hasken ƙofa, sannan ya sauke shi bisa cinyarsa. Ya ce, "Ba na gani, ɗana. Zayyana ce?"

Na ce, "Ita ce."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan allon. Can ya ce, "Da alwala ka yi ta?"

Na san shi bai taɓa ɗaukar alƙalami ba sai da tsarki, tun ina ƙarami na sani. Amma shekarun masaƙa sun saba mini da zane da kofin shayi a hannu, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Duk hankalina yana kan kada layi ya karkace.

Na ce, "E, Baba."

Ya lalubo kaina ya dafa. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Abin da na shekara goma sha ina jira ke nan, na karɓe shi kaina a sunkuye, ina jin kunya kamar ta kashe ni. Na ce gobe zan gaya masa gaskiya. Goben ta yi ta matsawa, har ya rasu a daminar shekarar.

Yanzu ni kaɗai ne a gidan. Ina zana taurari da da'irori a kan kyalle, masu wucewa zuwa Abuja suna saye su rataye a falo. Tun daga ranar ban ƙara jan layi ko ɗaya ba sai da alwala. Sai dai shi ba waɗannan ya tambaye ni ba, wancan allon ya tambaya.