Bazarar da Wuyan Hamma Ya Sanƙare

A bakin tashar Batsari kowa ya san Asta mai fura. Doguwar mace ce marar yawan magana. A wata ruga kusa da dajin Ruma aka haife ta, can kuma aka aurar da ita ga Hamma, ɗan kawunta. Da ɓarayin daji suka kore musu shanu, sai suka kwaso ɗan abin da ya saura suka shigo gari. Wani ɗan'uwa ya ba su ɗaki guda mai ƙaramar taga, suka cushe a ciki, su da yara da uwar Hamma, wadda kowa ke kira Inna. Hamma ya kama kiwon shanun mutane, Asta kuma tana sarin nono tana dama fura.

A bazarar bara, ana tsakiyar zafi, Hamma ya dawo daga kiwo tun kafin azahar, ya ce kansa kamar zai tsage. Jikinsa ya yi rau, ya yi ta amai. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka sayo ƙwaya a kemis. Washegari da hantsi Asta ta ɗaga labule, ya runtse ido ya ce haske na sukarsa. Ta tallafo kansa za ta ba shi ruwa, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, ya sanƙare kamar icce. Maganarsa ma ta fara ruɗewa.

Inna ta ce jini ne ya taru a ƙeya, ta aika a kira wanzami ya yi ƙaho. Tun da aka kawo Asta gidan ba ta taɓa musa wa surukarta ba. Amma ta sha jin ana bayanin sanƙarau a rediyon mai shayin tasha, kuma ga alamun nan a gabanta. Ta fita ta sami Salmanu, ƙanen Hamma, yana goge mashin ɗinsa, ta ce ya tayar.

"Adda, Inna ta ce a jira wanzami."

"In ya zo, ya iske mu asibiti."

Suka sa Hamma a tsakiya, ita tana baya tana riƙe da kansa.

Likita ya duba shi, ya ce sai an ɗebi ruwa a gadon bayansa. Gaban Asta ya faɗi, don ta ji ana cewa wanda aka yi wa haka ba ya sake tafiya. Wata nas mai suna Muhsina ta zaunar da ita, ta ce ba haka ba ne, ɗan kaɗan ake ɗiba don a gane irin cutar. Ta ce sanƙarau ƙwayar cuta ce da ke kama lulluɓin ƙwaƙwalwa da laka, tana bin numfashi da tari, musamman inda mutane suka cunkushe cikin zafi. Jinkiri ne ke kisa. Asta ta ce a yi.

Aka sa masa ƙarin ruwa, ana ta allura ta jijiya. Kwanaki Asta na zaune gefen gado tana yi masa fifita. Wata safiya ya buɗe ido, ya juyo da kansa a hankali, ya tambaya wa ke shayar da shanun mutane. Ta fita baranda ta yi kukanta, sannan ta dawo ta ce Salmanu ne.

An sallame shi yana tafiya da ƙafarsa, sai dai kunnen hagu ya daina ji. Aka yi wa yaran rigakafi, Salmanu ya fasa bango ya ƙara taga. Asta ta koma tasha da ƙwaryarta.

Yanzu in baƙi suka zo, Inna ce ke ba da labarin, tana cewa tun da ta ga wuyan nan ta ce a garzaya asibiti. Asta takan ci gaba da damunta, ta ce haka aka yi.