Takardar da ruwa ya wanke

Ɗiyata tana da shekara biyu aka kawo mini sammaci daga kotun alƙali a Yawuri, wai na yi aure kan aure. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina zaune a Warra da mijina mai tuƙin jirgin ruwa. Wanda ya kai ƙarar kuwa mijina na farko ne, masunci daga Shanga, wanda ya sake ni ya tafi su Tafkin Chadi, shekara biyar babu ko saƙon gaisuwa. Ya dawo hannu sake, ya tarar na yi ƙiba, shi ke nan sai ya tuna bai taɓa sakina ba. Ka ji mutum!

Takardar saki akwai ta. Malamin garinsu ne ya rubuta da tawadar allo, Inna ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙasan tukunyar da take ajiye kayan ƙamshi. Shekarar da tafkin da ke gefen garinmu ya cika ya shigo mana gida, tukunyar ta sha ruwa. Inna ta shanya takardar ta mayar, ba ta ko buɗe ba, tunda ba karatu ta iya ba. Sai gaban alƙali aka warware ta, fara fat, sai ɗan dishi-dishin baƙi a gefe. Har masinjan kotu sai da ya yi dariya.

Alƙali bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in ban kawo shaida ba, aurena na biyu ɓatacce ne, ga hukunci a kaina, yarinya kuma a bai wa mai auren farko. Ya ba ni mako biyu, ya ce in koma gidan Inna kafin nan. Hukuncin bai dame ni ba, wallahi. Amma a ɗauki ɗiyata a miƙa wa wanda bai san ranar sunanta ba? Na ce sai dai in bayan raina.

Malamin ya rasu. Shaida ɗaya ya bi ruwa zuwa Neja, ba a san inda yake ba. Saura guda, shi ne uban mai ƙarar, tsohon surukina. Inna ta ce, "Ke, wa kika taɓa gani ya tona ɗansa a kotu?" Na goya yarinya na shiga jirgi. Kwana huɗu ina bin tungayen masunta ina tambaya, har na same shi a wani tsibiri yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

Na durƙusa na ce, "Baba, kai ka kawo takardar nan gidanmu da hannunka. Ban zo roƙon komai ba sai abin da idonka ya gani." Bai ɗago ba. Ya ce in tafi. Na ce ba inda za ni, na zauna bakin bukkarsa ina taya matan tungar ƙyafe kifi. Rana ta uku ya sa hularsa ya ce in kira mai jirgi.

A kotu ya faɗi komai, har da kalmomin da ɗan nasa ya furta. Tunda shaida ɗaya ce, alƙali ya ce mai ƙara ya rantse cewa bai yi saki ba. Ya yi alwala, ya zo gaban Alƙur'ani, ya dubi ubansa. Hannun ya ƙi miƙuwa. Sai ya ce, "Gaskiya ne, na sake ta tun wancan lokaci," ya fice bai waiwayi tsohon ba. Alƙali ya ce aurena yana nan daram.

A bakin kotu tsohon ya ce in miƙo masa yarinyar. Ba shi da jika ko ɗaya a duniya, na sani. Ya daɗe yana riƙe da ita tana ja masa gemu. Sannan ya maido mini ita, ya ce wa yarinyar, "Da na yi shiru, yau da ke zan koma gida."