Na Je Amarawa Ɗauko Kukan Fakara

Ana sallame sallar asuba motarmu ta bar Sakkwato ta nufi Illela. Abin da ya fitar da ni kuwa, in na faɗa sai ku yi dariya: kukan tsuntsu na je ɗaukowa. Tun rasuwar Inna Baba yake wurina a birni, ido ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Bai taɓa roƙona komai ba sai makon nan, da ya ce in je gonarmu ta Amarawa in ɗauko masa kukan fakara a waya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Motar cike take, amma ba mai ce wa wani kanzil, kowa ya dunƙule da tunaninsa. Direbanmu kuwa kamar ya yi alkawari da ramuka, ko ɗaya bai tsallake ba. A Gwadabawa aka ɗora mana buhunan albasa, muka ƙarasa tafiya da warinta a tufafi. Na iske Illela ranar kasuwa, ga raƙuma, ga shanu, ga masu canjin sefa suna kirana Alhaji alhali ko Kano ban cika zuwa ba. Fura ta yi tsada, amma nonon ba ruwa a ciki, na yafe wa mai ita. Daga nan na hau babur zuwa Amarawa.

Ban gane gonarmu ba sai da Baffa, ƙanin Baba, ya nuna mini. Da can kowane manomi yakan bar gamba da sabara tsakaninsa da maƙwabcinsa, su ne iyaka, ba mai taɓa su. Fakara kuma ba ta son tashi sama, gudu take yi a ƙasa, saboda haka ta cikin wannan duhuwa take bi daga daji zuwa fadama, ta ci, ta sha, ta sami miji. Yanzu an raba gado, gonaki sun tsuke, kowa yana noma har bakin ta ɗan'uwansa, iyaka ta koma bulo da tsohuwar taya. Dajin bai ƙare duka ba, akwai ɗan loko nan, ɗan loko can, sai dai tsakaninsu fili ne fetal, ba abin da ke ratsa shi sai karnuka da inuwar shaho. Na yini ina zagayawa da waya a hannu, ban ga ko zomo ba.

Da na gaji, Baffa ya dube ni ya ce, "Hwakara kaka biɗa, ɗana? Tahi makabarta. Can ɗai na ba a sa gatari."

Bayan la'asar na shiga ni kaɗai. Kalgo da aduwa da geza sun yi duhu kamar dajin da na sani ina yaro, amma ana tsallake shinge sai gona. Na tsuguna wajen kabarin Inna na yi mata addu'a. Ina shafawa sai na ji shi, namijin fakara, da muryar nan mai karce kunne. Na kunna waya na fara ɗauka. Ya yi kira, ya saurara. Ya sake, ya saurara. Ni ma na saurara tare da shi, ba abin da ya dawo sai ƙarar babur daga titi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba.

Washegari a mota na yi ta juya abin a raina. Ashe ba sai an sare daji duka yake mutuwa ba, a toshe hanyoyin da ke haɗa shi ya isa, na ciki su zauna da ransu har su ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Na iske Baba a ɗakinsa, fuska ga bango. Na sa masa wayar a kunne, ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Da kiran ya tsaya sai ya ɗaga yatsa, yana jira.

"Ina wadda ka amsa mai?" ya tambaye ni.

Na ce babu, Baba, shi kaɗai ne, a makabarta, kusa da Inna.

Ya sauke yatsansa. Sannan ya lalubo wayar ya riƙe a ƙirjinsa, ya ce, "Ashe mu biyu na. Bar mini shi nan."